An auna yaro, ba a tambayi uwa ba: tarihin ciwon damuwa a ƙasar Tasawa da Mayahi



Kwanakin baya, cikin shirinmu na lahiya, wata baiwar Allah ta kira mu daga wani ƙauye na arewacin Tasawa. Ta ce wata biyar ke nan da haihuwarta, kuma tun da ta gama arba'in jikinta bai koma daidai ba. Kai na ciwo, ƙirji ya yi nauyi kamar an aza mata turmi, abinci bai shiga, barci sai gab da asuba. Sau uku tana zuwa likita. Anka gwada jini ba masassara, anka auna tansiyo lahiya lau, anka ba ta farasetamol da ƙwayar ƙarin jini ta komo gida. Uwar miji ta ce iska ce, maƙwabta sunka ce sammun kishiya ne. Sai da munka kusa sallama ta ƙara da wata magana, murya ƙasa-ƙasa: «Malam, ko yaron na kuka sai in tsaya ina kallon shi, ba ni jin komi.»

Mu ba likitoci ba ne, ba mu iya cewa ga ciwonta ta waya. Abin da munka yi, munka roƙe ta ta koma wurin majo, ta maimaita mashi wannan magana ta ƙarshe kamar yadda ta faɗa mana, don duk zuwanta uku ba ta taɓa faɗin ta ba, kuma ba wanda ya tambaye ta. Amma abubuwan da ta lissafa sun yi kama da wata cuta da likitoci sunka sani sarai, wadda Hausar rediyo ke kira ciwon damuwa, da Faransanci kuma depresiyon. Wasu na cewa cutar Nasara ce, ko ta ƴan boko masu cin mai kyau. Shi ya sa yau za mu bi tarihinta a ƙasarmu, mu ga inda ta ɓuya, da sunayen da anka dinga ba ta.

MINE NE CIWON DAMUWA

Kowa na shiga baƙin ciki. Wanda ya rasa uwa, wanda gonarshi ta ƙone, wanda kasuwa ta juya ma baya, dole zuciya ta ɓaci. Wannan na tahiya da kwanaki, mutum na ci, yana barci, yana hita gaisuwa. Ciwon damuwa kuwa shi ne lokacin da ƙuncin zuciya ko rashin jin daɗin komi ya zauna ma mutum kusan duk yini, kusan kullum, har sati 2 ko fiye, ya hana shi aikin da ya saba. Tare da shi akwai rashin barci ko barcin da bai ƙarewa, rashin cin abinci, kasala, mantuwa, ganin kai ba a bakin komi ba, ɗora ma kai laihin da bai kai ya kawo ba, wani lokaci har tunanin gara mutuwa. Mai shi yana cikin hankalinshi, ya san kowa, bai yaga tufa, bai jifa. Don haka ne ma ba a gane shi.

A 2023 hukumar lahiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta mutum kusan miliyan 280 ke ɗauke da shi, cikin manya kuwa wajen 5 cikin 100. Mata sun fi maza kamuwa da kusan rabi. Cikin masu ciki da masu jego, fiye da 10 cikin 100 na shiga wannan hali. A ƙasashe marasa ƙarfi, fiye da 75 cikin 100 na masu shi ba su samun wani magani. Ƙidayar 2012 ta nuna Tasawa da Mayahi kowace ta haura mutum 500,000. Ku yi lissahin da kanku.

KAFIN ZUWAN NASARA

Musulmi sun daɗe da sanin wannan ciwo. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib sunka rasu, malaman tarihi sun sa mata suna shekarar baƙin ciki. Labarin Annabi Yakubu kuma, wanda baƙin cikin rabuwa da ɗanshi Yusufu ya taɓa mashi idanu, duk ɗan makarantar allo ya san shi. Wani malami mai suna Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littahi kan gyaran jiki da rai. Ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda anka san dalilinshi, kamar rashi ko hasara, da wanda ke faɗo ma mutum ba dalili a fili. Na biyun ya ce tushenshi na cikin jiki, kuma yana son maganin likita haɗe da magana mai sanyaya zuciya. Shekara fiye da 1,000 ke nan da wannan bayani.

A ƙasar Hausa, kakanninmu sun fassara abin da harshen da suke da shi. Macen da ta daina magana, ta rame, ta juya ma bango fuska, sai a ce iska ta taɓa ta, ko maye ya kama kurwarta, ko an yi mata sammu. Daga nan a nemi malam ya yi rubutu, ko boka ya ba da turare da sassaƙe, ko a kai ta gidan ƴan bori a yi mata girka. Wata Bafaransa mai bincike, Jacqueline Monfouga-Nicolas, ta zauna da ƴan borin ƙasar Maraɗi, ta hitar da littahi a 1972, inda ta nuna cewa mata ne mafi yawa cikinsu, kuma ta ƙohar rashin lahiya da wahalar zaman gida suke shiga. Ba yabon bori muke ba, mun san matsayin addini a kanshi. Abin lura shi ne, a wancan tsari marar lahiya ba ta ɗaukar laihi, ba a barin ta ita kaɗai, kuma tana samun ƙawaye da sunka taɓa shiga irin halinta.

Al'adun gida ma sun riƙe wani sashe na jinyar. Mai haihuwar fari tana komawa gidan iyayenta goyon ciki. Mai jego tana da kwana 40 da tsohuwa a gefenta, ba daka, ba rijiya, ba itace. Gidan rasuwa bai zama shi kaɗai, ana zaman makoki, ana sadakar uku da bakwai da arba'in. Mai takaba ana leƙa ta. Gayya na rage ma mai rauni aikin gona. Ba wanda ya kira waɗannan magani, amma yau bincike na nuna kaɗaici na cikin manyan abubuwan da ke jawo ciwon damuwa da tsananta shi.

ZAMANIN NASARA: «BAƘAR FATA BAI DAMUWA»

Nasara sun shigo mana da wuta. A 1899 rundunar kyaftin Bule da Shanuwan ta ratso ƙasar Hausa daga yamma, ta yi ɓarna a Birnin Ƙonni, ta iso ƙasar Tasawa tana ƙone garuruwa tana kashe mutane. Kanar Kulob da gwamnatin Faransa ta aiko ya tsai da su, ƙauyuka ƙonannu da gawarwaki ya dinga iskewa a hanya, har ran 14 ga Yuli sunka harbe shi a Dankori. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu sunka kashe su biyun, kuma kaburburansu na nan Maijirgi har gobe. Fim ɗin African Apocalypse na 2020 ya je ya saurari jikokin waɗanda abin ya faɗa ma, anka ga tsofaffi na ba da labarin kamar jiya. Bayan wannan sai lanho, da aikin tilas wanda ba a soke ba sai 1946, da yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914.

Duk da wannan, likitocin mulkin mallaka sun daɗe suna cewa baƙar fata bai kamuwa da ciwon damuwa. Wani likita mai suna Karozas, wanda ya yi aiki a Kenya, ya rubuta ma OMS littahi a 1953 yana cewa ciwon ba shi da yawa a Afirka, wai don mutumen Afirka bai da zurfin tunani da jin nauyin laihi irin na Bature. Dalilin kuskurenshi a fili yake. Waɗanda ake kai ma Nasara su ne masu tada hankalin gari, waɗanda gardi ya kamo cikin kasuwa. Macen da ke kwance shiru cikin ɗaki ba ta damun kwamanda, don haka ba ta shiga rajista. A Senegal, daga 1897 zuwa wajen 1914, masu taɓin hankali jirgin ruwa ake sa su a kai su Marsai ta Faransa, kuma mafi yawansu can sunka mutu. Sai 1938 Afirka ta Yamma ta Faransa ta samu dokar da ta tsara jinyar ƙwaƙwalwa.

Waɗanda sunka ƙaryata wannan magana, sun yi haka ne ta hanyar zuwa inda mutane suke. A Gana, Margaret Field ta zauna a wuraren bokaye na ƙasar Ashanti, ta hitar da littahinta a 1960. Ta iske mata da yawa na zuwa da ƙahwarsu suna cewa su mayu ne, su sunka cinye ƴaƴansu, alhali ba abin da sunka yi. Ta gane ciwon damuwa ne ke sa su ɗora ma kansu laihi. A Najeriya, likita Tomas Adeoye Lambo ya buɗe tsarin ƙauyen Aro kusa da Abekuta a 1954: marar lahiya na sauka gidan mutanen ƙauye tare da ɗan uwanshi, yana zuwa asibiti da rana, kuma Lambo na aiki tare da masu maganin gargajiya. A Dakar, daga 1959, Hanri Kolom ya buɗe ƙohar asibitin Fann ga dangi, ana taruwa ana tattaunawa kamar a fadar gari.

Mu nan Nijar, abin da ya zauna a bakin jama'a shi ne Pabiyon E na babban asibitin Yamai. Sunan ya koma zagi: in yaro ya yi rashin ji sai a ce za a kai shi Pabiyon E. Daga Urafan ko Gidan Amumun zuwa Yamai tahiya ce ta yini guda cur, kuma likitocin ƙwaƙwalwa ƙalilan ne, yawancinsu a babban birni. To wa zai ɗauki matarshi ya yi wannan tahiya don ba ta barci? Haka jinyar ƙwaƙwalwa ta zama ta mahaukaci kaɗai a idonmu, mai damuwa kuma ya ci gaba da yawo tsakanin malam da boka da mai sai da ƙwaya a tire.

SHEKARUN YUNWA DA ƘARANCIN GONA

Likitoci na cewa ciwon damuwa bai da uwa ɗaya. Akwai gado, akwai yanayin jiki, akwai abin da ya faɗa ma mutum tun yana yaro, akwai kuma nauyin rayuwa: rashi, bashi, duka, wulakanci, kaɗaici. In munka dubi shekaru 50 na baya, za mu ga yadda wannan nauyi ya ƙaru a ƙasarmu.

Gyaɗa ce ta riƙe aljihun manomin Tasawa har farin 1973 da 1974 ya karya ta. A 1984 yunwa ta dawo daidai lokacin da Najeriya ta rufe iyaka, shi ya sa tsofaffi ke kiran ta El Buhari. A Janairun 1994 anka karya darajar sefa da rabi, kuɗin magani ya tashi, ga kuma tsarin biyan kuɗin likita da ya biyo bayan taron Bamako na 1987. Cikin wannan lokaci jama'a na ƙaruwa, gona kuwa ba ta haihuwa. Binciken 2012 ya nuna mace a jihar Maraɗi na haihuwar sama da ƴaƴa 8, kuma kusan 9 cikin 10 ana aurar da su kafin shekara 18. Gandu ya rarrabu, saura ta ƙare. Marthe Diarra Doka da Marie Monimart sun rubuta a 2004 yadda a kudancin Maraɗi mata ke rasa gamanarsu, har anka samu abin da ake kira kublen gona, wato a hana mace noma don ba filin da za a ba ta. Macen da da can ke da rumbunta da akuyarta, ta koma sai abin da anka miƙo mata.

Maza kuma sai bida: Kano, Legas, Agadas, Libiya, Aljeriya. Yarinya ƴar shekara 17 da goyo, miji ya yi wata takwas bai nan, tana zaune hannun uwar miji. Shi ma can ba daɗi yake ji ba. A 2011 yaƙin Libiya ya koro dubban ƴan Nijar hannu rabbana. Anka rufe iyakar Najeriya a Agustan 2019, anka sake rufe ta bayan 26 ga Yulin 2023, naira kuma ta faɗi. Magidancin da ya komo ba ko kuɗin sabulu, an koya mashi namiji bai kuka. Sai ciwon ya hito mashi ta faɗa, da zaman shiru a bakin tasha, da tramol.

Shekarar da ta fi koya mana darasi ita ce 2005. Fara ta sauka a 2004, ruwa ya ɗauke da wuri, buhun hatsi ya haura jika 20 da bazara. Jihar Maraɗi ta zama cibiyar tamowa, duniya duka ta gani a talabijin. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 a Nijar cikin shekarar, yawancinsu a jiharmu. Save the Children ta zauna Tasawa, ACF ta zauna Mayahi. Anka buɗe CRENI da CRENAS, anka kawo biskit na gyaɗa, a 2006 gwamnati ta mai da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki kyauta. An ceci rayuka masu yawa, wannan ba mai musu.

Amma ku tuna yadda layin yake. A rataya yaro a sikeli, a ɗaura mashi zare a dantse, a rubuta. Uwar da ta goyo shi tun daga Kanembakashe ko Korgom, wadda wataƙila ta binne wani ɗan watanni kaɗan baya, tambayar da ake mata ita ce mi ya ci, sau nawa ya yi zawo. In yaro ya warke ya sake komawa layi, sai a ce sakacin uwa ne, ko ta sai da biskit. Alhali a 2004, shekara guda kafin nan, wani likita mai suna Atif Rahman ya wallafa binciken da ya yi a ƙauyukan Rawalpindi ta Pakistan. Ya iske jariran da uwayensu ke da ciwon damuwa tun suna da ciki sun ninka sauran kusan sau 4 wajen haɗarin rashin nauyi a wata na 6. Uwar da zuciyarta ta mutu ba ta da ƙarfin lallashin yaro ya ci, ko ta lura da wuri cewa jikinshi ya yi zahi. Yunwa ta gaske ce ta kawo tamowar 2005, amma a cikin wancan layi akwai uwayen da su ma jinya suke so.

JIKI DA ZUCIYA HANYA ƊAYA SUKE BI

Bahaushe bai cika zuwa likita ya ce raina ya ɓaci ba. Cewa yake kaina, ƙirjina, bayana, jiri, zahi na yawo a jiki, zuciya na bugawa. Ba ƙarya yake ba, ciwon na gaske ne. In damuwa ta daɗe, jiki na ta zubo sinadaran fargaba irin su kortizol, kamar mutumen da kura ta biyo kuma ba ta daina bin shi ba. Barci ya lalace, tansiyo ya hau, sukari ya ƙi daidaita, garkuwar jiki ta yi rauni, ƙaramin ciwo ya zama babba.

Hanyar kuma tana komowa ta ɗayan gefen. Binciken OMS da anka wallafa a 2007, kan mutum sama da 245,000 a ƙasashe 60, ya nuna cikin masu cuta mai daɗewa irin su ciwon sukari, asma, ciwon gaɓoɓi da ciwon zuciya, daga 9 zuwa 23 cikin 100 na ɗauke da ciwon damuwa a kai, kuma in sunka haɗu lahiyar mutum ta fi lalacewa. Mai ciwon sukari ya ninka wanda bai da shi kusan sau 2 wajen kamuwa. Mai tarin huka da ke shan ƙwaya wata 6, mai sida, uwar yaro mai emasi, mai yoyon hitsari da miji ya saki, irin waɗanda ake ma aiki a Danja tun 2012, duk suna bakin wannan rami. Kuma mai damuwa shi ne ke fara barin shan maganinshi.

Akwai kuma cututtukan jiki masu kama da shi. Ƙarancin jini, wanda ya yi yawa ga matanmu, na kawo kasala da jiri. Ciwon maƙoƙo na iya kashe jiki da zuciya. Mai jegon da ke haki, ƙahwahu sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai a zaune, wannan zuciyarta ce ta gaza, cutar da likitocin Zariya sunka yi bincike a kanta tun shekarun 1970, kuma asibiti take so cikin gaggawa. Don haka gwajin jini da awon tansiyo da anka yi ma waccan baiwar Allah daidai ne. Abin da ya rage shi ne tambaya ta gaba: yaya barci, yaya zuciya, mi ke damun ki?

MAGANI AKWAI

Maganin zamani ma daga ɗakin masu ciwon jiki ya hito. A 1952, a wani asibitin tarin huka na Niyok, anka lura wata sabuwar ƙwaya na sa marasa lahiya walwala da cin abinci. A 1957 wani likitan Suwis, Roland Kuhn, ya bayyana amfanin imipramin. Amitriptilin ta biyo baya, fuluwoksetin kuma ta hito Amurka a 1987. Waɗannan biyun na cikin jerin magungunan dole na OMS, kuma ba su da tsada. Sai dai a san halinsu. Ba su aiki ran da anka sha, sai bayan sati 2 zuwa 4, wani lokaci 6. In an ji sauƙi ba a yankewa, ana ci gaba wata 9 zuwa 12 bisa shawarar likita. Ba a sayen su a tire, ba a ba maƙwabci, ana ɓoye su daga yara don yawansu na kisa. Mai ciki da mai shayarwa kuwa sai likita ya duba. Tramol da diyazefam ba maganin damuwa ba ne, rami na biyu suke gina ma mutum.

Ga wanda ciwon bai yi tsanani ba, magani na farko magana ce mai tsari, kuma an gwada ta a wurare irin namu. Shi dai Atif Rahman ya koya ma matan da ke aikin lahiya a ƙauye yadda za su zauna da masu ciki, su saurare su, su taimaka masu su canza tunanin da ke danne su, su jawo miji da uwar miji cikin lamarin. Sakamakon 2008 ya nuna bayan wata 6, kashi 23 cikin 100 ne ke da sauran ciwon, a ɗayan rukunin kuwa 53. A Zimbabuwe, inda suke kiran ciwon da kalmar da ke nufin yawan tunani, likita Dikson Cibanda ya aje benci a harabar asibitocin Harare, ya horar da tsofaffin mata su zauna da mutane. Binciken 2016 ya nuna wajen 14 cikin 100 ne sunka rage da alamun ciwon, waɗanda ba su zauna bencin ba kuwa kusan 50. Tun 2008 OMS ta hito da shirin mhGAP don majo na ƙaramin asibiti ya iya gane ciwon ya yi maganinshi ba sai an tahi babban birni ba.

Mu ma ba hannu wofi muke ba. A jihar Maraɗi anka haifi Mata Masu Dubara a 1991 tare da CARE, tsarin da yau ƙasashe da dama sunka ara. Duk sati mata na zama bisa tabarma ɗaya, sun san wadda ta daina zuwa, sun san wadda ta rame. Muna da ungozoma, muna da rele a ƙauyuka, muna da CSI, muna da limamai da ake jin maganarsu. Abin da muke roƙo ga hukumomin lahiya na Tasawa da Mayahi da masu taimaka masu shi ne a horar da waɗannan mutane, a sa maganin cikin farmasin CSI, kuma duk inda anka rataya yaro a sikeli a juyo a tambayi uwar ita ma.

A gida kuwa, ga abin da kowa ke iyawa. In ka ga matarka, ko ƙanwarka, ko tsohonka ya yi sati biyu ya canza, zauna ka tambaye shi, ka yi shiru ka ji. Kar ka ce mashi rashin tawakkali ne. Mai hawan jini ma yana da imani, kuma yana shan ƙwayarshi. A yi addu'a, a kuma raka shi likita, a faɗa ma majo maganar zuciyar tare da ta jikin. A rage ma mai jego aiki, a bar ta ta yi barci, a bar ta ta ga danginta. A ja shi ya hito rana, ya taka, ya koma ƙaramin aikin da ya saba ko da kaɗan-kaɗan. In kuwa mutum ya fara cewa gara ya mutu, ko ya zama kaya ga mutane, kar a ɗauka wasa ne. Mutum fiye da 700,000 ke kashe kansu duk shekara a duniya. Kar a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari na gona da sauran ƙwayoyi daga ɗakin, a kai shi asibiti ran nan. Haka ma mai jegon da ta fara sambatu ko jin muryoyi, a gaggauta da ita.

Ita dai baiwar Allah da ta kira mu, in kina karanta wannan ko wani ya karanta maki, muna gaishe ki da jiki, muna gaida yaro. Ba ke kaɗai ba ce, kuma ba muguwar uwa ba ce ke. Ki koma likita tare da wadda kika yarda da ita.

Allah ya ba marasa lahiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti, ya sa damina ta yi albarka. Sai mun haɗu a shiri na gaba.